Daga Zaure Zuwa Tsakar Gida: Yadda Muka Haɗa Hoton Kewaye a Birni

Zane-zane nake koyarwa a wata sakandaren gwamnati a nan Damagaram, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ka ce da yaro ya zana gida, sai ya kawo maka akwati mai rufi mai tsini, taga biyu, wani har da bututun hayaƙi a sama. Yaron nan fa a Birni, tsohuwar unguwar garin nan, aka yanke masa cibi. Kullum da safe yana ratsa lungunan da ke cike da soraye masu zankwaye da ƙofofin da magina suka yi wa dagi a goshi, amma hannunsa gidan cikin littafin faransanci kawai ya sani. Fita da aji guda cikin gari kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Awa ɗaya gare ni a mako, aji cike maƙil, kafin a jera su a kai su a dawo an kaɗa ƙararrawa.

Wani ƙanena da ke karatu a Jami'ar André Salifou shi ya fara nuna mini hoton kewaye a wayarsa. Hoto ne da ba shi da gefe. Ka sa yatsa ka ja, ya juya da kai dama ko hagu har ka dawo inda ka fara; ka ja ƙasa ka ga sama, ka ja sama ka ga inda mai ɗauka ya tsaya. A jikinsa kuma ana dasa ɗigo-ɗigo. Ka taɓa wannan murya ta yi magana, ka taɓa wancan rubutu ya fito, ka taɓa na bakin ƙofa ka tsinci kanka a ɗaki na gaba. Wannan na ƙarshen shi ya ja hankalina, don gidan Bahaushe dama haka aka tsara shi: zaure, shigifa, sannan tsakar gida, kowace ƙofa da wanda aka yarda ya ƙetare ta. Idan akwai ginin da ya dace a ba da labarinsa ɗaki-ɗaki, to namu ne.

Kafin mu taɓa waya na ba yaran ɗan tarihi, don kada su ɗauka sana'ar masu kwamfuta muka shiga. Mai zane ne ya fara abin. A 1787 wani Robert Barker ya yi rajistar dabarar zana gari a kan ƙyallen da ya kewaye ɗaki, a 1793 kuma ya buɗe wani gini mai da'ira a Landan, mutane na biyan kuɗi su hau dandamali a tsakiya su yi ta juyawa suna kallo. Da buroshi da fenti aka yi duk wannan. Sai a 1995 kamfanin Apple ya shigo da shi cikin kwamfuta, a 2007 Google ya baza shi kan titunan birane.

Akwai kyamarori na musamman masu ido biyu, gaba da baya, irin su Ricoh Theta da Insta360, waɗanda taɓawa ɗaya ta gama aiki. Kuɗinsu ya fi ƙarfin aljihuna. Manhajar Google ta waya mai suna Street View da mutane suka saba yin irin wannan hoto da ita kuma an janye ta tun 2023. Saura hanya mai tsawo: a ɗauki hotuna ɗaya bayan ɗaya da wayar hannu, a ɗinke su a kwamfuta da wata manhajar kyauta mai suna Hugin. Wayoyi uku muka samu, tawa da biyu na aro, sai tsohuwar kwamfutar ƙanen nawa.

Na nemi izinin diraktan makaranta, daga nan na wuce wajen mai unguwa da goro na. Ya saurare ni har na kai aya, ya ce, "Malam, lungu na kowa ne, amma gida na mai shi ne. Ni zan gaya musu kuna tafe, amsa kuwa tasu ce."

"Ranka ya daɗe, haka muke so," in ji ni.

Na raba waɗanda suka yarda su ba da safiyar ranakun hutu gida huɗu, na kuma kafa sharaɗi: ba gini za ku zaɓa ba, labari za ku zaɓa. Rukuni ɗaya suka ɗauki ganuwa da Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ita, har aka ƙera masa igwa a cikin garin nan kafin rasuwarsa a 1884. Na biyu suka tafi Zongo, masaukin ayarin Buzaye da fataken da ke ratsa sahara, suka jingina labarinsu da zuwan Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ke kiran kansa Abdulkarim, wanda ya sauka Damagaram a ƙarshen 1852. Na uku suka bi fata daga majema zuwa rumfar dukawa. Na huɗu, wanda yawancinsu 'yan mata ne, suka ce gidan wani tsohon magini za su yi, kakan ɗaya daga cikinsu. Wannan rukunin ne ya fi ba mu aiki, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Darasin farko a takarda aka yi shi. Kowane rukuni ya zana taswirar wurinsa daga sama, ya sa gicciye a duk inda mai ɗauka zai tsaya, da kibiya mai nuna inda mai kallo zai fara fuskanta idan hoton ya buɗe. Nan aka fara gardama, kuma gardamar ita nake nema. A hoto na yau da kullum kai ke yanke abin da za a gani. Bola tana gefe, sai ka kauce mata. A nan babu kaucewa. Abin da ke bayanka ma yana ciki, kuma mai kallo ke da ikon juyawa inda ya ga dama. Abu uku kawai suka rage a hannun mai ba da labari: inda ya tsaya, inda ya fara nuna maka, da ƙofar da ya buɗe maka. 'Yan rukunin ganuwa sun so su hau duwatsun nan don a hango gari duka, kuma daga can ne labarin kisan sojan Faransa Kyaftin Cazemajou a 1898, zamanin Sarki Ahmadu Kuren Daga, da shigowar Faransawa a 1899 zai fi daɗin bayarwa. Na hana. Duk inda za ka tsaya bariki ya faɗo cikin kewayenka ba wurin kyamara ba ne, ko da ka ba shi baya. Suka sauko suka nemi wani lungu.

Ɗaukar kanta tana da ƙa'ida guda da in aka karya ta komai ya lalace. Mutum in aka ce ya juya da waya, jikinsa yake juyawa, wayar ta yi ta yawo a hannu. Abin da ake so shi ne idon kyamarar ya tsaya cak a wuri ɗaya, mutum ne zai kewaye shi. In ba haka ba, ginshiƙin da ke kusa da bangon da ke nesa za su gurgusa tsakanin hoto da hoto, ɗinki ya ƙi haɗuwa. Ba mu da ƙafar kyamara, sai muka bi wata tsohuwar dabarar masu wannan aiki: zare da ɗan dutse. A ɗaura zaren dab da idon kyamara, a sake shi dutsen ya kusa taɓa ƙasa, a ajiye murfin kwalba daidai ƙarƙashinsa. Duk juyin da mai ɗauka zai yi, dutsen ya kasance bisa murfin. Yaro ɗaya na riƙe da waya, ɗaya na tsugune yana kallon dutsen yana cewa "dawo, dawo, tsaya nan", na uku na tare lungu yana ba masu wucewa haƙuri. Kowane hoto sai ya haɗa kusan kashi ɗaya cikin uku da wanda ya gabace shi. A yi zagaye ɗaya daidai ido, ɗaya an ɗaga, ɗaya an sunkuyar, sannan sama tsaye da ƙasa tsaye. Wuri guda yakan ci hoto talatin zuwa arba'in. A kuma kulle hasken kyamara tun farko, in ba haka ba rabin sama fari rabi shuɗi.

Da hunturu muka yi aikin, kuma hazon da kowa ke kuka da shi mu ya yi mana rana. Ranar da ya rufe sama haske yakan bazu daidai ko'ina, ba inuwa mai kaifi, ba rana da za ta faɗo tsakiyar hoto ta ƙone shi. Sai dai a riƙa goge idon kyamara da bakin riga.

Tsohon maginin ya tarbe mu a zaurensa yana kan buzu. Ya dubi zaren da dutsen, ya dubi jikarsa.

"Wace fuskar za ku ɗauka?"

"Duka, Baba."

"Har da can bayan da ban yaɓe ba?"

Na ce masa haka abin yake, ba ya zaɓe. Ya ɗan yi shiru, ya ce to a dawo wani mako. Da muka dawo ya yaɓe wurin, danshi bai ma gama fita ba, ana ganin shatin tafin hannunsa layi-layi. Yaran suka so su ɗauka da sauri su wuce ciki. Na ce su ajiye waya su ɗaga kai. Rufin zauren a kan bakan gizo biyu yake da suka gitta juna, azara a jere tsakaninsu, kwano ɗaya a kafe daidai mahaɗar. Jikar tasa, wadda ta girma tana wucewa ta nan, ta ce ita ba ta taɓa lura da kwanon ba. Ita ta yanke cewa hoton zauren da sama zai buɗe, ba da ƙofa ba, don mai kallo ya fara da abin da mai wucewa ba ya gani.

Muryarsa muka ɗauka da wayar da ba a ɗaukar hoto da ita. Ba tambayoyi a rubuce. Suka riƙa nuna abu, yana faɗa. Yadda ake cuɗa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana, yadda ake mulmula tubali da hannu a shanya, yadda ake jiƙa ɓawon ɗorawa a sami makubar da ke hana ruwa cin bango, dalilin da ya sa indararo ke da tsawo don kada ruwan rufi ya zubo a gindin gini. Zanen goshin ƙofa kuwa ya ce tun yaɓe na ɗanye ake fitar da shi, in ya bushe an makara. Ya kuma yi ƙorafin da duk tsohon magini ke yi, cewa yanzu kowa bulo da siminti yake so. Wani yaro ya gaya masa cewa tun 2006 Nijar ta sa Birni da fadar sarki cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta karɓa a matsayin kayan tarihin duniya. Tsohon ya ce madalla, amma bango yaɓe yake so duk shekara kafin damina. Mun bar maganar nan yadda ya faɗe ta, muka dasa ta a ɗigon da ke kan sabon yaɓen.

A shigifa ni da yara maza muka tsaya, 'yan matan suka yi sallama suka shige. Ba a jima ba suka fito da waya a hannu ba hoto ko ɗaya. Uwargidan ta tambaye su abin da kyamarar za ta gani, suka gaya mata gaskiya: madafa, randuna, shanyar kaya, ƙofar kowane ɗaki, da duk wanda ya gitta. Ta ce a'a. Suka ce, "Inna, sai mu jira a kwashe shanyar." Ta ce ba shanya ba ce damuwarta, tsakar gidanta ba dandali ba ne da wanda ba ta sani ba zai tsaya ciki yana waige-waige, ko da a waya ne. Ni a ganina ta fi mu fahimtar abin da muka zo da shi. Ban sa baki ba, ban kuma bari a koma roƙo ba.

To amma labarin rukunin a tsakar gida yake ƙarewa, don can ne tsohon ya yi wa matarsa zane a bangon ɗakinta lokacin da aka kawo ta. Wata yarinya ce ta tambaya ko za a yarda su zana wurin da hannu. Aka koma aka tambaya, Inna ta ce fensir ba ya damunta, muddin ba a sa fuskar kowa ba.

Nan aikin ya koma nawa sosai. Hoton kewaye in aka buɗe shi a shimfiɗe, kafin manhaja ta naɗe shi, kamar fatar da majema suka feɗe suka baje ne: abin da yake dunƙule an miƙar da shi, tsakiya daidai, gefuna sun ja. Faɗinsa kullum ninki biyu ne na tsayinsa, don digiri 360 ne kewaye, 180 daga sama zuwa ƙasa. Ke nan duk wanda ya zana a takarda mai wannan awo, ya bi ƙa'idar, kwamfuta za ta karɓi zanensa kamar hoto. Na yanka musu takarda santimita 40 da 20. Muka ja layi a tsakiya kwance, shi ne daidai tsayin ido. Muka raba faɗin gida huɗu, goma-goma: gabas, kudu, yamma, arewa. Duk abin da ke tsaye, ginshiƙi ko gefen ƙofa, a tsaye zai zauna. Amma abin da ke kwance sai ya lanƙwashe. Saman bangon da ke gabanka yakan yi tozo a tsakiya ya sauka wajen kusurwa, gindinsa kuma ya yi ciki zuwa ƙasa. Bakin takarda na sama gaba ɗayansa ɗigo guda ne, wato daidai bisa kanka. Na ƙasa kuma ƙarƙashin ƙafarka.

"Mushe, bangon Baba fa miƙe yake," in ji ɗaya, ranta a ɓace. "In na lanƙwasa shi zai ce na raina masa aiki."

Na ce ta tsaya gaban bangon aji ta miƙa hannu ta nuna samansa, sannan ta bi shi da yatsa har kusurwa ba tare da ta gusa ba. Hannun ya riƙa sauka da kansa. Ta sake yi, ta koma ta zauna ba ta ce komai ba. Shekara da shekaru ina fama da koyar da yadda nisa ke rage girman abu ta hanyar zana titi da sandunan lantarki a allo, ban taɓa ganin ya shiga da sauri haka ba.

Suka shiga da takarda da fensir, ɗaya ta zauna kan kujerar tsuguno a tsakiya tana juyawa kwata-kwata. Wahalar ƙarshe ita ce gefen hagu da na dama, don dole su haɗu. Sai a naɗe takardar baki ya taɓa baki a ƙarasa layin a kan mahaɗar. Muka shafa launi da jar ƙasa da shuni da farar ƙasa da aka dama da ƙaro, aka ɗauki hoton takardar a inuwa, aka yanke shi daidai awo.

Ɗinkin sauran hotunan da dare muka riƙa yi ni da ƙanena, gwargwadon yadda kuran, wato wutar lantarki, ya bari. Hugin na neman wuraren da suka yi kama a hotuna biyu ya haɗa su, don haka bangon ƙasa mai zane da tsaga ba ya ba shi wuya. Farin bango sumul da sararin sama su ne matsala, sai an nuna masa da hannu. Mai wucewa kuma yakan fito rabi, akwai akuyar Zongo da ta fito da kai biyu, yara suka hana a goge ta. Muka rage girman kowane hoto zuwa pixel 4096 a faɗi da 2048 a tsayi, don ƙananan wayoyi da yawa ba sa iya buɗe abin da ya wuce haka. Dasa ɗigo da murya da ƙofofi kuwa yaran ne suka yi da kansu a wata manhajar kyauta, Lumi, wadda ke aiki ba intanet, ta kuma fitar da aikin duka a fayil guda. A nan na sa doka ɗaya: kada ɗigo ya wuce huɗu a wuri guda, kada murya ta wuce minti ɗaya. Rukunin ganuwa sun so su zuba duk abin da ke littafin tarihi; na ce wanda ke son karatu ya san inda littafi yake.

Ranar nuni aka tura fayil daga waya zuwa waya da Xender. Wanda zai aika ta WhatsApp sai ya aika shi a matsayin takarda. Na tsaya bayan aji ina kallon yatsu. Kusan kowa in ya shiga zauren sai ya yi shiru yana kallon bakan gizo, ya sauko, ya saurari tsohon, ya taɓa ƙofa zuwa shigifa. Daga shigifa in ya taɓa ƙofa ta gaba sai hoto ya ƙare, ya faɗa cikin zane: bangon ya miƙe sarai, randuna uku, turmi a kife, zanen bangon ɗakin Inna da shuni, da muryarta tana faɗin shekarar da aka yi shi ta hanyar lissafin haihuwar 'ya'yanta. An kai mata wayar har gida ta juya ta gani, ta ce turmin ba nan yake zama ba, aka gyara.

Wajen ba da maki ban duba kyawun ɗinki ba, tunda wannan aikin kwamfuta ne da namu. Taswirar farko na duba, da dalilin da kowane rukuni ya bayar na tsayawa inda ya tsaya, da abin da suka yarda su bari. Rukunin majema ne suka fi rauni. Wurarensu shida ne, kowanne da kyau, amma za ka iya shiga ta ko'ina ka fita ta ko'ina ba abin da ya canja. Na ce su cire biyu su jera sauran yadda fatar ke tafiya, daga jiƙo zuwa rini zuwa hannun baduku.

Yanzu duk ajin na sa su zanen takarda mai awo biyu da ɗaya, har waɗanda ba su fita da mu ba, tunda ba ya bukatar waya sai a ƙarshe. Abin da har yanzu ke kayar da su shi ne itacen da ya yi rumfa bisa kai, don dole a baje rassansa su cika bakin takarda na sama daga wannan gefe zuwa wancan, hannu kuma ba ya yarda. Zango mai zuwa suna son Kasuwar Dole ranar Alhamis. A can ba mai tsayawa a ɗauki hoto arba'in, ba kuma mai tare wa yaro hanya, don haka na gaya musu tun yanzu cewa da fensir za a je, kowane rukuni da rumfar da zai nemi izinin zama a gabanta.